Yadda Ake Koyar da Yara Al'adun Wasu Ƙasashe a Cikin Aji

Shekarar da na fara wannan aiki na yi abin da yawancin malamai suke fara yi. Na ware rana guda na sa mata suna ranar al'adu, kowane rukunin yara ya zaɓi ƙasa, aka yi shiga, aka taka rawa, iyaye suka zo suka tafa. Kashegari da safe na tarar da yara biyu a bakin ƙofar aji sun ja gefen idanunsu da yatsa suna wani surutu marar ma'ana, wai yaren mutanen Sin suke yi, sauran kuwa na ta sheƙa dariya. Abin da na koya musu ke nan ban sani ba: mutanen wata ƙasa abin kallo ne. Daga nan na bar biki na koma ƙaramin darasi na minti ashirin a kowane mako, har zangon karatu ya ƙare. Tsarin da zan zayyana na yara ne masu shekara 7 zuwa 12, kuma ba ya buƙatar a taɓa manhaja ko jadawalin darussa, domin yana shiga cikin darasin zamantakewa, ko na harshe, ko ma na lissafi.

Kayan aiki

Taswirar duniya babba wadda za ta zauna a bango duk zangon, ba wadda ake naɗewa a mayar ofis ba. Ƙwallon duniya. Tocila. Zare mai launi biyu ko uku, da ƙananan ƙusoshi ko gam na manna shi. Manyan takardun kwali guda uku ko huɗu, da alƙalamin rubutu mai kauri. Hotunan mutane suna harkokinsu na yau da kullum, kamar guda goma sha biyu. Littafin rubutu ɗaya ga kowane yaro, wanda ba za a yi wani darasi a cikinsa ba.

Idan babu ƙwallon duniya, ƙwallon roba ko balan-balan da aka hura ya wadatar, sai ka zana nahiyoyi a jikinsa. Idan babu taswira, ka kwafo ta a kan kwali daga littafin labarin ƙasa, ko da ba ta yi kyau ba. Majigi da intanet suna taimakawa, amma na yi zanguna da dama da wayata kaɗai, ina sauke hotuna a gida in zo in zagaya da ita benci-benci.

Maganar hotuna tana son kulawa. Ka nemi hoton yaro yana tafiya makaranta, mace tana sayayya a kasuwa, iyali suna cin abinci, direba a cikin cunkoson motoci. Ka rage na bukukuwa da kayan gargajiya. Idan hoton Japan ɗaya tilo da yaro ya gani na mace ce sanye da kimono, rigar gargajiyar ƙasar, zai ɗauka haka ake fita aiki a Tokyo kowace safiya.

1. Ka fara tattara abin da ke cikin kawunansu

Makon farko ba ka koyar da komai. Ka rubuta sunayen ƙasashe uku a kan kwali, misali Indiya da Burazil da Japan, ka ce kowa ya faɗi abin da ya sani game da su. Duk abin da aka faɗa ka rubuta shi yadda aka faɗe shi, daidai ne ko kuskure, kada ka gyara, kada ka ɓata fuska. Za ka ji Indiyawa kullum rawa suke yi, Burazil ƙwallo ce kawai, a Japan kowa ya iya faɗa. Bayan kowace magana ka tambaya: a ina ka ji? Ka rubuta amsar a gefe, fim ne, ko waya, ko wani yaya a gida.

Ka naɗe kwalin nan ka ɓoye shi da kyau, za ka buƙace shi a makon ƙarshe. Kuskuren da sababbin malamai suke yi a nan shi ne gaggawar gyara. Da zarar ka ce wa yaro ɗaya "a'a, ba haka ba ne", sauran za su yi gum, ba kuma za ka sake jin abin da yake ainihin ransu ba.

2. Taswira da ƙwallon duniya, tare

Ka sa yaro ya nuna inda kuke a taswira, ka kafa ƙusa a wurin. Daga yau duk ƙasar da aka ambata a aji, za a ja zare daga wannan ƙusa zuwa can. Majalisar Ɗinkin Duniya tana da ƙasashe 193, ta ƙarshe da ta shiga ita ce Sudan ta Kudu a 2011. Kada ka sa su haddace su. Goma da suka san inda suke sun fi ɗari da suke rerawa kamar waƙa.

Akwai wani abu da ya kamata ka nuna musu tun da wuri. Taswirorin bango da yawa suna bin zanen da wani mai zana taswira, Gerardus Mercator, ya fitar a 1569 domin amfanin matuƙa jiragen ruwa. Zanen yana kumbura ƙasashen da suke kusa da ƙuryar arewa da ta kudu. Ka ce su dubi tsibirin Girinlan su dubi Afirka, wanne ya fi girma? A taswira kusan kai ɗaya suke. Sai ka miƙa musu ƙwallon duniya su sake dubawa. Afirka ta ninka Girinlan wajen sau 14. Don su gane dalili, ka ɓare lemo ka ba yaro ɓawon ya gwada shimfiɗa shi a kan tebur ba tare da ya yage ba. Ba zai yiwu ba, dole a ja wani wuri ko a tsaga wani. Yara suna son wannan darasi ƙwarai, ina jin saboda karo na farko ke nan da suka kama abin da aka manna a bangon aji da rashin cika gaskiya.

3. Tocila, dare da rana

Ka rufe tagogi, yaro ɗaya ya riƙe tocila a matsayin rana, wani ya riƙa juya ƙwallon a hankali. Duniya tana kammala juyi ɗaya cikin awa 24, wato digiri 15 a kowace awa, daga nan bambancin agogo ya samo asali. A watan Janairu, idan ƙarfe 12 na rana ne a Landan, ƙarfe 7 na safe ne a Niyu Yok, a Tokyo kuwa tara na dare ta yi. Ka tambaye su me yaro kamarsu yake yi yanzun nan a kowane ɗaya daga cikin biranen. Idan akwai sauran lokaci, ka karkata ƙwallon ka nuna musu dalilin da ya sa Disamba lokacin zafi ne a Ostireliya da Ajantina alhali ana fama da ƙanƙara a Rasha, da kuma yadda a arewacin Nowe ake yin makonni rana ba ta fito ba. Wannan mataki ba ya wuce mako ɗaya.

4. Buƙata ɗaya, ƙasashe uku

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan za ka shafe rabin zangon. Maimakon ka ɗauki ƙasa guda ka zazzage duk abin da ka sani game da ita, sai ka ɗauki wata buƙata da kowane ɗan Adam yake da ita, ka nuna yadda mutane uku a wurare uku suka biya ta. Gaisuwa, wurin kwana, raɗa suna, wasa, lissafin kwanaki. Kowane mako buƙata ɗaya.

Dalilin cewa uku shi ne, idan ka kawo misali ɗaya tak, ajin zai rabu biyu, mu da su, namu daidai nasu baƙon abu. Idan misalan suka kai uku, yaro zai fara ganin cewa hanyoyi ne da yawa, tasa ma ɗaya ce daga ciki.

A kowane darasi tambayoyi uku ake yi, ka rubuta su a saman allo su zauna: Wace buƙata suke biya? Me ya sa suke yi ta wannan hanya? Mu yaya muke biyan wannan buƙatar? Ta tsakiyar ita ce mai muhimmanci, ita ce kuma ake yawan tsallakewa.

Ɗauki wurin kwana. Ka nuna hoton zagayayyen tantin makiyayan Mongoliya wanda suke kira ger, wanda ake yi da sanduna da bargon gashin tumaki. Kada ka yi bayani, ka bar su da tambaya. Wani zai ce talauci ne. Sai ka ƙara musu bayani ɗaya: mutanen nan suna tashi da dabbobinsu sau da yawa a shekara domin neman kiwo, kuma sanyin ƙasar mai tsanani ne. Ka yi shiru. Ba a daɗewa wata yarinya za ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai dole su yi wanda za a iya kwancewa a ɗora wa dabba." Ita ta gano, ba za ta manta ba. Sai ka kawo gidajen da ake ɗorawa a kan dogayen turaku a yankunan ambaliya na kudu maso gabashin Asiya, sannan gidaje masu rufi mai gangara sosai a ƙasashen da ƙanƙara take zuba, don kada ta taru ta danne rufin. A ƙarshe kowa ya zana gidansu a littafinsa ya rubuta dalili ɗaya da ya sa aka gina shi haka.

A nan ake yawan kawo ɗakin ƙanƙara na mutanen Inuit, mazauna ƙuryar arewacin Kanada da Alaska da Girinlan, a bar yara da tunanin a ciki suke zaune har gobe. Mafaka ce da aka fi ginawa lokacin farauta da tafiya, kuma Inuit na yau a gidaje suke zaune irin na kowa. Duk lokacin da ka nuna wani abu na da, ka faɗi cewa na da ne, ka nuna na yanzu kusa da shi.

Gaisuwa ita ce darasin da ya fi daɗi, shi ne kuma ya fi saurin rikiɗewa ya koma wasan kwaikwayo. A Japan ana rusunawa, kuma zurfin rusunawar yana nuna girman wanda ake gaisarwa. A Indiya ana haɗa tafukan hannu a ƙirji. Mutanen Maori na Niyu Zilan suna haɗa hanci da hanci, suna kiran wannan hongi. Kafin kowa ya tashi ya gwada, ka tabbatar an amsa tambayar farko, wato duka ukun girmamawa suke nunawa. Wanda ba ya son a taɓa shi kada a tilasta masa. Ina ƙarawa da labarin Bulgeriya, inda gyaɗa kai sama da ƙasa yake iya nufin a'a, don su gane cewa ko motsin jiki koyonsa ake yi.

Suna ma darasi ne mai kyau. A Sin da Koriya da Japan sunan dangi ne yake zuwa farko. A Aisilan yawancin mutane ba su da sunan dangi, ana ɗaukar sunan uba, wani lokaci na uwa, a ƙara masa son ga namiji ko dóttir ga mace. Ka ce kowa ya rubuta sunansa bisa waɗannan tsare-tsare. A darasin kwanaki kuwa ka kawo kalandar Habasha mai wata 13, da sabuwar shekarar mutanen Sin da take bin wata, da Nowruz, bikin sabuwar shekara da ake yi a Iran wajen 21 ga Maris. A darasin wasa ka haƙa ramuka a ƙasa ko ka yi amfani da kwalin ƙwai da tsakuwa: wasan nan na zuba ƙwaya a ramuka ana kiransa oware a Ghana, bao a gabashin Afirka, congkak a Maleshiya, sungka a Filifin, kowa da nasa ƙa'idojin.

5. Bin sawun kayan da ke cikin aji

Bayan makonni ana kallon na nesa, sai a juyo kusa. Ka ce kowa ya duba tambarin da ke wuyan rigarsa, ko bayan agogo, ko ƙasan takalmi, ko jikin fensir, ya karanto inda aka yi shi. Duk ƙasar da ta fito a ja mata zare. Cikin minti goma taswirar za ta cika da zare zuwa Sin da Bangaladash da Biyetnam da Turkiyya.

Ka kiyaye abu ɗaya: kada wannan ya zama gasar wa ya fi kaya masu tsada. Idan ka san akwai tazara mai yawa tsakanin gidajen yaran, ka kawo kayan da kanka a cikin jaka, tsofaffin kwalaye da gwangwanaye da riguna, su yi aiki da su.

Mako na biye ka ja zaren wani launi domin asalin abubuwa. Masara daga Meziko ta fito, dankalin turawa daga tsaunukan Andes na Peru da Bolibiya, duk da sunan da ake kiransa da shi. Tumatir da barkono ma daga nahiyar Amurka suke. Kofi daga Habasha. Takardar da suke rubutu a kai a Sin aka fara yin ta. Lambobin da suke lissafi da su daga Indiya suka taso, suka bi ta hannun malaman Bagadaza irin su al-Khwarizmi a ƙarni na 9, kafin su isa Turai. Ka tambaye su: da a ce kowace ƙasa za ta zo ta karɓi abinta, me zai rage a kan teburin nan?

6. Harshe da rubutu

Ana magana da harsuna wajen 7,000 a duniya, fiye da 800 daga cikinsu a Papua Niyu Gini kaɗai. Tsarin mulkin Indiya ya lissafa 22, Suwizalan tana da harsunan ƙasa huɗu. Amma kafin ka je can, ka ƙirga na cikin ajinka. Ka tambayi wane harshe ake yi a gida, wanne kaka take yi. Kusan kullum adadin yana ba ni mamaki, kuma yaron da yake ɓoye harshen gidansu yakan ɗago kai a ranar.

Ka rubuta kalma ɗaya, misali ruwa ko na gode, da rubutu iri uku ko huɗu: na Larabci da yake tafiya daga dama zuwa hagu, na Habasha, da Hangul na Koriya wanda Sarki Sejong ya sa aka ƙirƙira aka kuma bayyana shi a 1446 domin talakawa su iya karatu cikin sauƙi. Su kwafa a littafinsu. Ka tabbatar da kalmar daga wanda ya san harshen ko daga ƙamus kafin ka hau allo, kuma idan kana da hali ka kunna musu muryar mai harshen. Idan zangon ya haɗa da 21 ga Fabrairu, ka ajiye darasin a ranar, domin ita ce ranar harshen uwa ta duniya da UNESCO ta ayyana a 1999, don tunawa da ɗaliban da aka kashe a Dhaka, babban birnin Bangaladash na yau, a 1952 suna neman a amince da harshen Bengali.

7. Mutum mai rai

Hoto ba ya amsa tambaya. Ka nemi wanda ya zauna a wata ƙasa, mahaifin wani ɗalibi ko malami ko ɗan kasuwa, ya zo na minti ashirin. Yara su rubuta tambayoyinsu tun kafin ranar ka duba su. Ka roƙi baƙon ya ba da labarin rana guda ta rayuwarsa a can, daga tashi barci zuwa kwanciya, ya bar dogon jawabi. Idan babu baƙo, musayar wasiƙa da wani aji a wata ƙasa tana aiki, da sharaɗin komai ya bi ta hannun malamai biyu, da izinin shugaban makaranta da na iyaye, ba a tura cikakken suna ko adireshi ko hoton fuskar yaro.

Idan kuma a ajinka akwai yaron da ya zo daga wata ƙasa ko wata ƙabila, kada ka tsayar da shi gaban allo ka ce ya faɗa muku yadda mutanensu suke. Na taɓa yin haka, yaron ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, daga ranar kuma aka laƙaba masa sunan ƙasarsu har shekara ta ƙare. Ka same shi shi kaɗai tukuna ka tambaye shi ko yana so. In ya ce a'a, magana ta ƙare.

8. Idan dariya ta ɓarke, ko magana ta yi zafi

Za a yi dariya, babu makawa. Dariyar mamaki ba laifi ba ce, ka bari ta wuce sannan ka nuna tambaya ta biyu da ke saman allo. Idan wani ya ce "ƙazanta" ko "mahaukata", kada ka kore shi, ka ce ya sake faɗin maganar ta fara da "ban saba ganin". Ka kuma hana kalmar "duk". Wanda ya ce duk mutanen ƙasa kaza haka suke, ka tambaye shi mutum nawa ya sani daga cikinsu. Kwaikwayon kamannin jiki ko karin magana kuwa, wannan ka tsayar da shi nan take.

Addini zai shigo, domin ba a raba shi da al'ada. Aikinka bayani ne: mabiya addini kaza sun yi imani da kaza, suna yin kaza. Ba ka sa yara su kwaikwayi ibadar kowa, ba ka kuma yanke hukunci a aji. Idan yaro ya ce, "Malam, su wa suka fi gaskiya?", ka ce tambaya ce mai kyau ya kai ta gida. Ka aika wa iyaye 'yar takarda tun farkon zango ka bayyana abin da za a yi, domin wasu za su ji tsoron ana son raba 'ya'yansu da tarbiyyar gida. Sashe na 29 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya haɗa abubuwan biyu wuri guda, cewa ilimi ya koya wa yaro girmama iyayensa da al'adarsa da harshensa, da kuma al'ummomin da suka bambanta da tasa. Shi ya sa tambaya ta uku take komawa gida kowane mako, yaro ya je ya tambayi iyaye ko kakanni yadda su suke yi.

Labarin yaƙi ko bala'i idan yara suka kawo shi, ka nuna wurin a taswira, ka faɗi abin da ka tabbatar a taƙaice, ba tare da hotuna masu tayar da hankali ba. Sannan ka nemi wata dama ka sake ambaton ƙasar a kan wani abu daban.

9. Makon ƙarshe

Ka ɗauko kwalin makon farko ka manna a allo. Ka karanta maganganun ɗaya bayan ɗaya ba tare da faɗin wanda ya yi su ba, ajin ya yanke: a bar ta, a gyara ta, ko a soke ta. Wadda za a gyara, su ne za su ba ka sababbin kalmomin, kai rubutu kawai za ka yi, da wani launi, a ƙasan tsohuwar. Ba na yin jarrabawar manyan birane da tutoci. Ina ba kowane yaro hoton da bai taɓa gani ba, in ce ya rubuta abu biyu da ya gani da idonsa, da abu ɗaya da yake zato, da tambaya ɗaya da zai yi wa mutumin da ke cikin hoton. Wanda ya iya raba abin da ya gani da abin da yake zato, shi nake ba maki mafi yawa. Kwalin da aka gyara kuma ka rubuta masa aji da shekara a baya ka ajiye, zaren da ke kan taswira ka bar shi har sababbin ɗalibai su shigo su tambaye ka na mene ne.